Gawon da Kawu Nomau ya hana a sare

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, wanda duk garinmu Tajaye ya yarda ba a taɓa yin manomi mai ƙazamar gona irinsa ba. Ya rasu ba da jimawa ba bayan tafiyar Nasara masu mulkin mallaka.

A wurinmu, namiji shi ne wanda in ya gama sassabe, za ka hango ƙadangare yana gudu tun daga wannan iyaka har waccan. Shi kuwa Kawu, in ya ga tsiron gawo sai ya durƙusa, ya rage masa rassa, ya bar guda, ya ɗaura masa tsumma don kada masu gayya su sare. Gonar ta koma kamar kan da wanzami ya gudu ya bari ana tsakiyar aski. Ni ne shugaban masu dariya. Na taɓa ce masa, "Kawu, hatsi kake nomawa, ko unguwa kake gina wa kuraye?" Bai ko ɗago ba, ya ce, "Ɗan nan, miƙo mini tsumman."

Bayan ransa fari ya zo, wannan da har yanzu ba mu gama miƙewa daga shi ba. Ni mai tumbi, sai da mazagin wando ya zagaye ni sau biyu. Awaki shida suka rage mini, kuma nononsu ne ke riƙe da jaririyarmu, don na uwarta ya ƙafe. In awakin suka faɗi, kowa a gidan ya san abin da zai biyo baya.

Wata safiya na tarar da Illo, ɗan Kawu, taubashina, a gonar da gatari. Zai sare itatuwan ya kai ice Konni a kan jaki.

Na ce, "Illo, kwana nawa icen nan zai ciyar da kai?"

Ya ce, "Uku. Kai da ka fi kowa zaginsu, yau ka zama limaminsu?"

Na ce, "Na tuba. Ɗaga kai ka duba."

Daji duk ya ƙone, amma gawo yana nan da ganyensa shar, ƴaƴansa sun nuna. Illo ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye gatari, muka nemo doguwar sanda muna kakkaɓowa. Da wannan awakina da tumakinsa suka kai damina. Yarinyar tana nan, yanzu in an ajiye tuwo sai na yi da gaske nake samun rabona.

Bana malaman buro, wato ofishin gwamnati, sun zo da mota cike da ƴan itatuwa a gwangwani, suna koya mana dashe. Mun gode musu. Da Kawu yana nan, na san ba zai yi gori ba. Zai tambaye su a hankali wa zai yi ban ruwa da rani, sannan ya ja su gona ya nuna musu waɗanda Allah ya riga ya shuka, ba abin da suke nema illa a ƙyale su.

Bai bar soro ba, bai bar garke ba. Ranar da muka kai shi makwanci, mafi tsawo a cikin itatuwan nan bai wuce ƙirjinsa ba, ko sau ɗaya bai zauna a ƙarƙashinsu ba. Allah ya ba shi inuwar da ta fi wadda ya bar mana.