Gayya a Ruwan Godiya Don Ƙafar Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Ƙanƙara, ni da kawuna, likitan fiɗa da ya ƙware a jijiyoyin jini. Hutu ya ƙare, za mu koma Zariya inda yake aiki nake karatu. Al'adarsa ce ba ya bin kwalta, sai ya ratsa ƙauyuka ya duba waɗanda ya taɓa yi wa aiki. Nawa kawai riƙon jaka.

Hanyar Faskari duk gargada. A Tafoki muka karya da waina, mai tuya tana kukan cewa tun da kuɗin mai suka shigo, man gyaɗa ma ya koyi girman kai. Kawu ya yi ta nuna mini gonakin da suka yi gayya suna samari, ana kiɗa ana tseren kunya. Yanzu rabinsu ciyawa, masu ƙarfin sun tafi leburanci birni.

A Ruwan Godiya aka kai mu wurin wani tsoho manomi. Ƙafarsa ta yi sanyi, babban yatsa ya fara baƙi. Kawu ya ɗora yatsuna a bayan sawun, ya ce in gwada. Ban ji bugun komai ba.

"Baba, jini ya daina sauka. In ba ka biyo ni yau ba, yanke ta za a yi."

"Likita, mi kake faɗi? Dawa na tsaye, ɗiyana duk suna Ikko. Wa zai girbe, kai?"

"Ni," in ji Kawu.

Ya je wurin mai gari ya roƙi gayya. Aka buga ganga. Tsofaffi suka fito, da mata, da maƙwabtansu Maguzawa, kowa da magirbinsa. Kawu ya tuɓe riga ya shiga gona, fuskarsa kamar ta yaro. Bai yi nisa ba wata Hajiya ta ƙwace magirbin.

"Ajiye, ɗan nan! In hannun ya kumbura, wa zai ɗinke mana Baba?"

Ni aka bai wa. Har yau tafina na zafi. Da la'asar dammuna sun taru, Baba ya dube su, ya ce a miƙo masa sandarsa, zai bi mu.

A Sabuwa muka kwana, muka sha fura mai sanyi wadda ban sha irinta ba tun rasuwar kakata. Kashegari muka isa Zariya. Kawu ya ciro jijiya daga cinyar Baba, ya kewaye inda ya toshe. Yatsan ya tafi, ƙafar ta tsira.

Na ɗauka aikin likitan fiɗa a ɗakin tiyata yake farawa. Wannan dai a gona ya fara. Da Baba ya farka, abin da ya tambaya shi ne ko an rufe rumbu.