Kunnuwan Jita a Wuyan Garaya

Shekarar da zinare ya ɗan yi mini murmushi a Bagega, ban sayi babur kamar sauran samari ba. Jita na saya a kasuwar Gummi, 'yar China, sai sheƙi take yi. Irinta guda shida ne jingine a shagon, ba ka bambance su. Mai shago ya ce injin ke fitar da su kamar bulo, shi ya sa suke da araha.

Araha kuwa ba ta ado. Damina ɗaya ta ishe ta. Wuyan ya lanƙwashe, bayan ya ɓamɓare, in ka kaɗa sai ta yi ƙugi kamar ƙudan zuma a tulu. Haushi ya sa na kai ta Bukkuyum wurin kawuna, masassaƙin garaya, ko zai ɗinke mini ita.

Na tarar da shi ba daɗi. Sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, ba ya iya jan zoben fatar da ake ɗaure tsirkiya da shi a saita murya. Ya daina kiɗa. Tsofaffin garayunsa ma wani ɗan birni ya kwashe, wai na ado ne a falo, kuma wadda ta fi tsagewa ita ya fi so.

Kawu ya jujjuya jitar, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya taɓe baki.

"Wagga ba itace ba ce, kwali na," in ji shi. Sai hannunsa ya kai ga kunnuwan ƙarfen da ake murɗawa. Ya murɗa ɗaya da gefen babban yatsa, tsirkiya ta miƙe. Ya sake murɗawa. "Bar min ita nan, ɗana."

Da na koma ranar kasuwa, gangar jikin jitata na tarar a gindin rumbu, kaza ta yi ƙwai a ciki. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana. Sai ga shi ya fito da garaya sabuwa, kunnuwa biyu na sheƙi a wuyanta.

Daga baya ɗan birnin ya taɓa dawowa, ya ce wannan ba ta asali ba ce, ba ya so. Kawu bai ko ɗaga kai ba.

Ni dai ranar kasuwar nan na zauna a tabarma. Kawu ya murɗa, ya saurara, ya kama taken mafarautan garinsu. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Ban taɓa jin daɗin asara irin wannan ba, sauran kunnuwa huɗun ma na ce ya riƙe.