Ranar da na tsaya wa Hajiya mai tuwo

"Kauce, ya Takruniyya!"

Wani Balarabe direban tasi ne ya daka wa Hajiya Asabe wannan tsawar ɗazu a unguwar Hindawiyya, tana tsallaka titi da kular tuwo. Sunan raini ne da suke kiran baƙar fata da shi, mu kuma Hausawa mukan ce Takari. Wajenta mu ɗaliban Najeriya muke cin abinci a Makka, shekararta talatin a nan.

Raina ya ɓaci. Na tare motar, na wanke shi tas da Larabci, sai da ya ba da haƙuri.

Na dawo ina huci, ina jiran godiya. Sai ta ce, "Sannu ɗana. Amma jiya a gabana ka ce wa abokinka a waya kana wajen Takarin nan mai tuwo."

Na ce, "Haba Hajiya, ai mu 'yan gida ne, wasa ne."

Ta yi murmushi. "Nasa a kunne ya tsaya, bai san ni ba. Naka da shi na kwana."

Wallahi tuwon nan kasa cinsa na yi.

Jama'a, wa ya ba mu izinin da muka hana Balarabe?