Tsohon da ke duba fuskoki

A tashar bas ta Yakutsk, can Siberiya, iska na yankan fata kamar reza. Tuyara na kallon wani tsoho da ya naɗe fuskarsa da ƙyallen ulu, girarsa fari fat da ƙanƙara. Bas biyu sun wuce bai hau ba, fuskokin mutane kawai yake bi da ido. Ƙila ɗansa yake jira, ƙila gidan ne ya yi masa shiru.

Sai ga shi a gabanta. "'Yata, hancinki ya yi fari, sanyi ya fara cinsa. Kada ki murza, rufe shi da tafinki."

Ƙyallensa ya zame. Rabin hancinsa babu.

"Ni ran nawa," in ji shi, "kowa sauri yake yi."