Bakina Bai Saba da Sunansa Ba

Ranar Talata ce. An gama yankan gero, dawa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Na dama kunu, na raba wa ƙananan yara, na nufi lakwal, wato makaranta. Ni ce malamar tarihi a sakandaren garinmu, kudu da Madarumfa, dab da iyaka. Ɗana na fari yana cikin ajin da nake koyarwa. Tun da na yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, shi ke mata ɗiban ruwa da itace.

Ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, haka na taso na ga uwata tana yi, ni ma na bi. A aji sai in ce, kai na bakin taga. Yara su yi ta ƙunshe dariya, shi kuma ya miƙe yana basarwa kamar bai taɓa ganina ba.

Darasin ranar a kan kisan ƙare dangi ne, irin wanda aka yi a Ruwanda. Na gaya musu ba ranar da aka ajiye adda abin yake ƙarewa ba. Daga baya wasu za su fito su ce ba a yi ba, ko su ce an yi amma ana ƙara gishiri. Ina cikin wannan iyayi nawa sai injin niƙa na bakin kasuwa ya tsaya. Bai saba tsayawa da hantsi ba.

Sai ƙarar babura daga kudu, masu yawa, ba sa rage gudu. Harbi na farko ya tashi wajen rijiya. Na biyu ya fi kusa. Daraktan makaranta ya bi azuzuwa da gudu.

"Ku hita ta baya! Ku shiga dawa!"

Muka fita ta inda danga ta karye. Ina ƙarshe, ina tura ƴan mata a gabana. A bakin gona na ga ɗana ya tsaya. Ya dubi gari. Na san abin da ke ransa, tsohuwa kakarsa ba ta iya gudu. Ya juya ya ruga wajen da harbin yake.

"Kai! Kai yaro!"

Samari da yawa suka waiwayo. Shi bai waiwayo ba, bai san da shi nake ba. Na sake buɗe baki, sunan ya tsaya mini a maƙogwaro. Da sunan ya fito, yaron ya riga ya sha kwanar masallaci.

"Nasiru!"

Babura suka danne muryata. Wata yarinya ta riƙe mini zane. Yaran mutane ne a hannuna, ban bi shi ba. Muka shiga dawa.

Mun yi tafiya a duƙe. Ganye yana yankar fuska. Bayanmu ana kora shanu, ana buga ƙofofin kwano. Daga baya hayaƙi ya taso, da ƙaurin hatsi yana ƙonewa. Da azahar muka faɗa cikin gulbi, muka bi yashi zuwa arewa. Ba wanda ya yi maganar sallah. Wani mai amalanke ɗan garin Safo ya ɗauki waɗanda ƙaya ta lalata wa ƙafa. Duk wanda ya tarar da mu a hanya sai in dube shi, in kasa tambaya. Tsoro nake ji ya ba ni amsa.

Bayan la'asar muka ga ruwan tabki, muka shiga Madarumfa. A tasha mutane suka kewaye mu. Wani ɗan kasuwa mai farar riga yana zaune a bencin mai shayi, ko tashi bai yi ba.

"Shanu kawai anka kora," ya ce. "Ba wanda anka kashe. Masu neman taimako ne ka ƙara magana."

Na san irin maganar, da safe na gama kwatanta wa yara ita. Ban musa masa ba. Wallahi daɗinta na ji. Na riƙe ta, na maimaita wa yarinyar da ke jikina, na maimaita wa kaina har gari ya waye. Bai san garinmu ba ma, amma so nake ya fi ni gaskiya.

Da safe muka koma bayan motar jandarmomi. Rumbuna suna hayaƙi har lokacin. Tsohuwa tana raye. Ɗana ne ya cusa ta ƙarƙashin rumbun da wuta ba ta kama ba, ya jawo zana ya rufe ta, ya koma ya ja ƙofar zaure. A nan maharan suka same shi. Ta ce ta ji komai, ba ta ga komai ba.

An kora shanu, wannan gaskiya ne. Har yau idan na shiga motar kasuwa nakan ji mai cewa iyakar abin ke nan. Ranar da muka koma, mutum huɗu aka binne kafin azahar: ladan, wasu makiyaya biyu wa da ƙane, da Nasiru. Shekararsa goma sha shida.