Mama Mai Tsumma

Dokar majami'ar ba ta da wuyar fahimta: mace ba ta hawa mumbari da Littafi Mai Tsarki, amma tana iya hawa da tsumma, domin ƙura ba ta bambanta namiji da mace. A kan wannan doka Mama Mai Tsumma ta gina rayuwarta.

Tun da mijinta ya rasu take goge majami'ar kowace Asabar. Idan ta kai kan mumbari sai ta dubi kujerun da babu kowa, ta gyara murya, ta yi musu wa'azi tana shafa katako. Ta fi son labarin matan da suka riga maza isa kabarin Mai Ceto ranar tashinsa. "Ina mazan suke a lokacin?" in ji ta. "Suna ɗaki, sun sa sakata!" Kujeru ba su taɓa musa mata ba.

Wata Asabar mai kula da na'ura ya manta lasifikar waje a kunne. Tela ya tsayar da kekensa. Mai wanki ta iso da kumfa har gwiwar hannu. Ba a daɗe ba kujerun Asabar suka fi na Lahadi cika.

Dattawan ikilisiya suka kira ta. Ta san in sun karɓe tsumman, sun karɓe mata mumbarin ke nan.

"Matar yaya," in ji shugabansu, ƙanin marigayi, "an ce kina wa'azi."

"Shara nake yi, ƙanina. Bakina ne ba ya iya zaman banza. Kai ma ka sani, tun kana fitsarin kwance."

"To daga yau kin sauka."

Ta ajiye tsumman a gabansu. "Madalla. Wa zai hau? A kula da ƙarƙashin allon ɗora Littafin, gizo-gizo na son wurin."

Kowane dattijo ya shiga nazarin takalminsa. Hankali ya nuna cewa wanda ya hana aiki dole ya ɗauke shi, kuma duk mai ciwon baya ya gane hujjar nan take. Bayan doguwar muhawara suka yanke hukunci: tana iya magana matuƙar tsumman bai daina motsi ba, domin wannan shara ce, in hannu ya tsaya, ya zama wa'azi.

Mama ta bi hukuncin sau da ƙafa. Yau mumbarin ba shi da sauran fenti, gefensa na dama ma ya soma ramewa.