Saura Kwana Tara Inna ta Fita Takaba

Shekarar da Doha ke shirin gasar ƙwallon duniya, ba a ba kowa hutu ba a asibitin da nake aikin jinya a can. Kafin nan korona ta riga ta cinye mini shekara biyu ban taka gida ba. A haka Baba ya rasu, na bi jana'izarsa ta waya, ina zaune a ɗakina a unguwar Mesaimeer.

Ƙarshen damina sai ga kiran kawuna, ƙanin Inna. Ya ce an yi shela a garinmu: ruwa da iska mai ƙarfi na tafe, kogi ya cika, mutanen gangare su koma firamare ta kan tudu. Maƙwabta sun ɗaure hatsi da tabarmi, sun kora awaki. Inna kuwa ta ce ba inda za ta, saura kwana tara ta fita takaba, kuma mai takaba ba ta barin gidan mijinta.

Gidan nan na ƙasa ne, na san kowace tsaga a jikinsa. Ranar ban iya zama ba. In auna jinin mara lafiya, in ruga bayan ƙofa in duba waya. A waje rana kamar ta ƙona mutum, ko ɗigon hadari babu, ni kuwa ruwa ne cike da kaina.

Da hutun azahar na kira Inna.

"Inna, malamai sun ce in akwai lalura ya halatta a fita."

"Ke da kike can, ina kika ga lalurar? Tun ina amarya ake cewa ruwa zai ci garin nan."

Ni fa akwai saurin fushi, kowa ya sani, a wurinta na gada. Na ce, "To shi kenan, ki zauna. Baba ta waya na binne shi, ke ma sai in binne ki ta waya."

Wallahi na ji kunyar bakina, amma ban janye maganar ba. Can na ji ta ce wa kawu ya miƙo mata mayafi. Sai ta kashe wayar.

Aka ɗora ta a amalanken shanu. Kafin magariba ruwa ya sauko, washegari ɗakin Baba ya zauna, nata ya bi bayansa.

Kwana uku ta ƙi karɓar wayata. A na huɗu ta karɓa, ina jin hayaniyar mata a ajin da aka sauke su. Na soma ba ta haƙuri, ta tare ni.

"Shekara arba'in ban taɓa fita gidan nan ba sai da izinin babanki," in ji ta. "Ran nan na tsaya bakin ƙofa, na rasa wanda zan tambaya."

Na riƙe wayar, ana ta kirana a ɗakin marasa lafiya, na kasa tashi.